Wayar da Ke Bayan Kyamara: Nasiha ga Matasan Yelwa Masu Kafa Na'urorin Tsaro

Duk wanda ya biyo hanyar Dass daga cikin garin Bauchi, ya ratsa Yelwan Makaranta da Yelwan Tudu har ya kai Gwallameji, in ya ɗaga kai zai ga kyamarorin tsaro a saman get, a kusurwar katanga, a ƙofar shagunan POS da na cajin waya, da kuma gidajen hayar ɗalibai. Yelwa yanki ne na makarantu. A nan tsohon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka sa mata sunan Firayim Ministan Nijeriya na farko a 1988. A Gwallameji kuma akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979. Inda ɗalibai suka yi yawa, wayoyin hannu da kwamfutoci da babura sukan yi yawa, masu gidaje kuwa sai su fara neman abin da zai taimaka wa maigadi.

Matasa sun hango kasuwa a nan, kuma sun yi daidai. Yaro ya samu tsani da na'urar huda bango da jakar kayan aiki, kafin wata uku unguwa ta fara kiransa Injiniya. Sana'a ce ta halak, ba ta buƙatar shago babba, kuma aiki ɗaya mai kyau yakan jawo na gaba. Sai dai akwai abin da sabon shiga yakan yi jinkirin ganewa. Hankalinsa da na mai gida duk suna kan kyamara: kamfanin Hikvision ne ko Dahua, hotonta ya fito tar ko bai fito ba, tana gani da dare ko ba ta gani. Amma ranar da allo ya yi baƙi, in aka bi sawu, galibi kyamarar lafiyarta ƙalau. Waya ce ta ci amana, ko kan da aka matsa mata, ko hanyar da aka bi da ita. Wannan ɓangare da mai gida ba ya dubawa ranar biyan kuɗi, shi ne ainihin sana'ar.

Tsari iri biyu ne a kasuwa. Tsohon yana aiki da waya mai ƙwaya ɗaya a tsakiya, irin ta eriyar talabijin, tana kai hoto ga akwatin naɗa da ake kira DVR, sannan a ja wa kowace kyamara wutarta daban. Sabon yana aiki da wayar sadarwar kwamfuta, Cat5e ko Cat6, mai silin waya takwas da aka murɗe bibbiyu, tana kai hoto ga akwatin NVR. Armashin sabon tsarin shi ne waya ɗaya ce ke ɗauke da hoto da wuta a tare, dabarar da ake kira PoE. Ƙa'idarta ta farko ta fito a 2003, tana ba da wat 15.4 daga tushe, kusan 13 su isa ga kyamara. Ta 2009 ta ɗaga zuwa wat 30, wadda kyamarori masu juyawa da zuƙo hoto suka fi buƙata, ta 2018 kuma ta kai har wat 90. Ƙarfin wutar bai wuce bolt 44 zuwa 57 ba. Matashin da ya riƙe waɗannan alƙaluma zai iya duba bayan kwali ya san ko na'urar rarraba layin da ya saya za ta ɗauki kyamara takwas, ko kuwa a kan ta shida za ta gaza.

Adadi na gaba da ba a wasa da shi shi ne mita 100. Nan ne iyakar tsawon da wannan waya za ta kai saƙo ba tare da tangarɗa ba, daga akwati zuwa kyamara. Masu ƙa'ida ma sun raba shi: mita 90 na wayar da ke cikin gini, mita 10 na gajerun wayoyin da ke haɗa bakin biyu. A gida mai fuloti ɗaya da wuya a kai nan, amma a gidan hayar ɗalibai mai dogon layin ɗakuna, ko makaranta, ko gidan gona a bayan gari, ana wuce shi ba a sani ba. Kuskuren yana farawa ne daga awo. Sabon shiga yakan tsaya a falo ya hangi get ya ce mita talatin ne. Ita kuwa waya ba ta tashi sama kai tsaye: za ta hau bango, ta ratsa silin, ta sauko, ta zagaye katanga, ta sake hawa. Talatin ɗin sai ta zama sittin. Don haka a bi hanyar da ƙafa da tef a hannu, a rubuta, a ƙara 'yan mitoci a kowane baki saboda gyaran gaba. Kwalin waya cikakke mita 305 ne, kuma a jikin wayar kirki akwai lambar mita da aka buga, wadda za ta nuna wa mai aiki nawa ya ja, nawa ya rage. In tazara ta wuce iyaka, ba ƙulla wata waya da salatif ne magani ba. A sa na'urar rarraba layi a tsakiya, ko a koma wayar gilashi.

Sai maganar da ta fi jawo rigima tsakanin mai aiki da mai gida, wato ingancin wayar kanta. Ko a kasuwar Wunti mutum ya saya, ko daga Kano ko Legas aka yi masa aike, zai tarar da kwali biyu masu kama ɗaya, rubutu ɗaya, kuɗi daban. Mai tsadar jan ƙarfe ne zalla. Mai arahar alminiyam ne da aka yi wa fatar jan ƙarfe, wani lokaci a rubuta CCA a gefe, wani lokaci a ɓoye. Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, ga saurin karyewa in an lanƙwasa, ga shi yana yin wata farar tsatsa a bakin haɗi. Gane shi ba wuya. A fere sili ɗaya, a kankare shi da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne. Ko a kunna masa ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyam kuwa nan take zai lanƙwashe ya zube. Ko a hannu ma kwalin mai arahar ya fi sauƙin ɗauka.

Yadda wannan waya ke tona asirin mai aiki abin lura ne. Da rana komai daidai, an gwada, an biya, an yi sallama. Da magariba ta yi, kyamara ta kunna ƙananan fitilunta na ganin dare, buƙatarta ta wuta ta ƙaru, wayar ta kasa isar da ita. Hoto ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Da safe sai waya ta yi ƙara: "Injiniya, kyamarar bakin get ɗin nan fa da rana kawai take aiki." Shi kuma ya ce, "Alhaji, bari in zo in duba, wataƙila kamfani ne." Ya zo da rana ya tarar tana aiki, ya canja kyamara, dare ya yi matsala ta dawo. Ɓarawo kuwa ba da azahar yake zuwa ba. Ribar da aka ci a kwalin waya ta tafi a kuɗin acaɓa da sabuwar kyamara, suna kuma ya ɓaci a layin gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Bayan abin da ke ciki, sai rigar wayar. Farar waya ko shuɗiya ko ruwan toka da aka saba gani a ofis, don cikin ɗaki aka yi ta. In aka shimfiɗa ta a kan katanga, ranar Maris da Afrilu ta Bauchi za ta gasa ta, hunturu ya busar da ita, ta tsattsage. Ruwan Agusta ya samu ƙofa. Wayar waje baƙar riga ce da ita mai tauri da ke jure hasken rana, wadda ake binnewa kuma akan cika cikinta da wani maiƙo mai hana ruwa bi. Ko da wayar wajen aka samu, bututun roba ya fi mata rufin asiri, domin yana kare ta daga rana da haƙorin ɓera da hannun yara, da kuma almakashin wanda ya zo da mugun nufi. Wayar da ke lilo a wajen katanga, inda mai wucewa zai miƙa hannu ya kamo, ta riga ta rushe amfanin kyamarar. A bi da ita ta cikin gida, ta fito daidai bayan kyamara.

Ruwa yana da wayo, yana bin waya ya gangara duk inda ta nufa. Saboda haka kafin ta shiga bango ko akwati, a bar ta ta ɗan sauko ƙasa da ramin sannan ta hau, yadda ɗigon zai taru a gindin lanƙwasar ya faɗi ƙasa. Ramin bangon ma a huda shi da ɗan gangare zuwa waje, a toshe da silikon. Kyamara na iya ɗauke da lambar IP66 ko IP67, alamar ƙura da ruwan sama ba sa shigarta, amma wannan shaida ta jikinta ce kawai, ba ta kan waya ba. A cikin kwalin kowace kyamarar kirki akwai ɗan murfin roba mai zare da ake zura wa waya kafin a matsa kai. Da yawa sukan matsa kai tukuna, su ga murfin ya ƙi shiga, su jefar da shi su naɗe wurin da baƙin salatif. Damina ɗaya ta isa ta mayar da haƙoran kan kore. Haɗin ya zauna cikin ƙaramin akwati mai rufi, ƙofar wayarsa tana kallon ƙasa, kuma kada a kafa shi a ƙarƙashin indararo.

In za a tsallaka tsakar gida zuwa ɗakin maigadi ko get, binnewa ta fi ratayawa. A haƙa kamar santimita 45, kusan kamu ɗaya, a sa bututu, a liƙe gaɓoɓinsa da gam. Bauchi ƙasar duwatsu ce, wani wurin diga ba ta nisa. A nan sai a lulluɓe bututun da kankare. A zura igiya ta zauna a ciki tare da wayar, don ranar da mai gida ya ce a ƙara kyamara, ba sai an fasa daɓe ba. A cikin silin kuma kada a bar waya ta kwanta a jikin kwano, inda zafin rana ya fi tsanani, ko a bakin ƙarfe mai kaifi. Wajen ja, a bi a hankali: ba a fizgarta, ba a karya ta a kusurwa, ba a danne ta da ƙusa har ta baje. Murɗin da ke cikinta shi ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki, in ya warware saƙo ya raunana.

Matsa kai aiki ne na minti biyu da ke nuna wanda ya koya da wanda ya kalla. A tsarin da aka fi bi, T568B, jerin launukan shi ne fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Iri ɗaya a baki biyu. Kada warwarar murɗin ta wuce milimita 13, kuma rigar wayar ta shiga cikin kan yadda filaya za ta danne ta, ba silin kaɗai ba. Sannan a gwada da na'urar gwaji, fitilu takwas su kama bi da bi, tun ana ƙasa kafin a hau tsani. A ƙarshe a manna wa kowace waya suna a baki biyu: get, bayan gida, gareji. Wanda ya taɓa tsugunawa gaban wayoyi goma sha shida marasa suna yana neman guda ɗaya ba ya sake raina wannan.

Wayar sadarwa da wayar wutar gida ba sa zama bututu ɗaya. A raba su da kamar santimita 30, in dole su haɗu su gitta juna su wuce. Dalili biyu ne: hayaniyar da ke ɓata hoto, da haɗarin ranar da riga ta huje wutar bolt 230 ta shiga inda ba ta da hurumi. Shi ma mai aikin ya kula da ransa. A layuka da dama wayoyin da suka taso daga falwaya suna wucewa dab da katanga, tsanin ƙarfe kuwa taɓawa ɗaya ya isa. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba a sallama kafin a dawo da ita. Kafin a huda bango a dubi inda soket da makunni suke, saboda wayarin ɗin gida yakan bi ta samansu ko ƙasansu a miƙe.

Wuta ita ce rabin tsaro. Kamfanin rarraba lantarki na Jos, JED, shi ke ba Bauchi wuta tare da Filato da Gombe da Binuwai, kuma kowa ya san ba kullum take kwana ba. Kyamarar da ke mutuwa da ɗaukewar wuta ta bar gida a lokacin da ya fi buƙatarta. A nan ma PoE ya yi rana: tunda duk kyamarori daga wuri ɗaya suke shan wuta, inbata ɗaya da batir, ko ƙaramin sola, sun isa su riƙe tsarin gaba ɗaya. Sai tsawa. Doguwar wayar jan ƙarfe a waje tana janyo ƙarfin walƙiya ko da aradun ba a kan gidan ta faɗi ba, ta kai shi har cikin akwatin naɗa. Maganin shi ne na'urar kare tsawa a bakin layi, haɗe da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa da gaske. Tsakanin gini da gini kuwa wayar gilashi ta fi, don haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta.

Kada matashi ya ɗauka kuɗi kaɗai ke sa irin wannan aiki ya ɗore. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro, wanda ya haɗa da kafa kyamarori a titunan Abuja da Legas. Cikin 'yan shekaru aka wayi gari da yawansu ba sa aiki, an sace batura da faifan sola na wasu, har Majalisar Wakilai ta yi bincike a kai. Abin da ya faru da babban birni zai iya faruwa da gida mai kyamara huɗu in ba a tanadi wuta da kariya da mai kula ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin kamfani, amma duk ɗan unguwa ya san shi. Kyamarar da aka ɗora a saman bene tana iya leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda mata ke girki da wanki ba lulluɓi. Wannan keta haddi ne, a wajen Musulmi da Kirista baki ɗaya, kuma Yelwa wuri ne da suke zaune katanga ɗaya. Mai aiki mai hankali yakan kira mai gida gaban allo ya ce, "Baba, ka ga wannan ta shiga gidan maƙwabta, bari mu sunkuyar da ita." In kusurwar ta ƙi, akwatunan naɗa suna da wurin da ake rufe wani yanki na hoto da baƙi. A gidan haya, kyamara ta tsaya a get da baranda da wurin ajiye babura, ba ta kalli taga ko ƙofar banɗaki ba, kuma a sanar da 'yan haya. Tun Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, kuma hoton fuskar mutum yana cikin bayanansa. Tsayin da ya dace kuwa wajen mita uku ne: hannu ba ya kaiwa, fuska kuma tana fitowa. In ta yi sama da yawa, hula kawai za a gani.

Daga nan magana ta zo kan amana. Wanda ya ja wayar gida ya san ƙofofinsa, ya san lungun da kyamara ba ta kaiwa, ya san inda aka ɓoye akwatin naɗa, ya san kalmar sirri. Wannan sani ba na hira ba ne a majalisa ko wurin mai shayi, hoton gidan mutane kuma ba abin tallar aiki ba ne a WhatsApp sai da izini. Ranar miƙa aiki, a ba mai gida waya ya sa kalmar sirrinsa da hannunsa, mai aiki ya goge gidan daga tasa wayar a gabansa. Barin kalmar da ta zo daga kamfani ganganci ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da akwatunan naɗa a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba wajen kai harin da ya hana jama'a da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix na sa'o'i.

Wajen ciniki ma gaskiya ta fi riba. A rubuta wa mai gida lissafi dalla-dalla: waya mita kaza ta jan ƙarfe, bututu kaza, akwatuna kaza, kuɗin aiki kaza. In ya ce wani ya yi masa ƙasa da haka, a nuna masa silin waya biyu da wuƙa ya kankare da kansa. In ya fi son kyamara marar waya, a faɗa masa amfaninta da iyakarta: ta dace da ɗan haya da zai tashi gobe, ko fili mai nisa da za a sa wa mai sola da layin waya, amma bangon bulo yana rage mata ƙarfi, mai layin kuma tana cin data. In gidan ana cikin gininsa ne, a roƙi a zauna da birkila da mai wayarin a binne bututu kafin filasta. Kuɗin kaɗan ne a lokacin, bayan fenti kuwa sai an fasa bango.

Hanyar koyo a buɗe take. Ɗalibin jami'a ko na kwaleji yana da watannin koyon aiki na shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro a 1973; gara ya yi su a ƙarƙashin ogan da ke hawa tsani da ya yi su a ofishin da zai wuni yana sa hannu a rajista. Wanda bai shiga makarantar gaba ba, shekara guda yana riƙe wa gwani tsani yana kallon hannunsa za ta ba shi abin da bidiyo ba zai ba shi ba. 'Yan mata ma da rabonsu. Ma'aikaciyar jinya ce a birnin New York, Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta Albert, suka nemi rajistar wani tsarin tsaron gida mai kyamara da allo a 1966, aka ba su a 1969. A Bauchi kuwa akwai gidaje da yawa da namiji baƙo ba ya wuce zaure, inda mace mai wannan sana'a za ta shiga har ɗakin Hajiya ta saita mata waya, ta koya mata mayar da hoton jiya.

Aikin ba ya ƙarewa ranar biya. Mai son riƙe abokan cinikinsa yakan bar wa kowane gida takarda mai zanen hanyar wayoyi da sunayensu, ya ajiye kwafi. A watan Afrilu, kafin ruwan farko, ya zagaya ya duba akwatunan haɗi da silikon da sandar ƙasa. A ƙarshen Fabrairu, bayan hunturu, ya dawo da tsumma mai laushi ya share ƙurar gilashi, ya kwashe yanar gizo-gizo da ke hasko fitilar dare, ya tabbatar agogon akwatin naɗa daidai yake, tunda hoton da kwanan watansa ya karkace yana raunana shaida a gaban 'yan sanda. Ya kuma buɗe hoton daren jiya ya gani da idonsa cewa ana naɗa, domin akwai gidajen da allonsu ke nuna hoto ras alhali faifan ajiyar ya mutu tun watanni. Wannan zagaye na shekara sau biyu ana iya sa masa farashi tun ranar ciniki, a rubuta shi a ƙasan lissafin.